Ɗan-Firit da Ƙwaryar Sarkin Dambe

Ga ta nan ta taso, ku matsa mata ta zauna. Mai gyangyaɗi ya je ya wanke ido, don ba zan maimaita ba.

A wani zamani can baya akwai wani gari na dabbobi zalla, ana ce masa Kwarin Kanya. Dabbobin garin a tsaye suke tafiya kamar ni da ku, suna sa riga, suna cin kasuwa, suna gulma. Kuma ba abin da suke so a duniya kamar dambe. Maza suna yi, mata suna yi, har kaza in ta ji kalangu sai ka ga ta dunƙule ƙafa ɗaya.

A bayan garin akwai wani dogon dutse, a kansa kuma Sarkin Dambe Mai-Tsawa yake zaune. Haka dai ake cewa. Shekara talatin ke nan da ya hau bai sake saukowa ba. Waɗanda suka san fuskarsa duk sun riga mu gidan gaskiya, sai Burtu makaɗi, shi kuwa idonsa ya yi yanar da ba ya bambanta rumbu da raƙumi. To kun san halin baki. Wannan ya ce Mai-Tsawa zaki ne, wancan ya ce toron giwa ne, wata ta rantse kakarta ta gan shi da fukafukai. An ce ya taɓa naushin kuka, 'ya'yanta suka zubo a gari na gaba. An ce in ya yi atishawa kaji sai su kwana uku ba ƙwai.

Abu ɗaya ne ba a gardama a kansa. Kullum da hantsi sai an kai masa ƙwarya gindin dutsen, tuwo da miya da kifi a sama, ga soyayyar gyaɗa a gefe. A rufe da faifai, a sa Kura Ladingo gadi.

To a garin nan akwai wani kurege, sunansa Ɗan-Firit. Ba gona, ba sana'a, daga baki sai ciki. Da damina, lokacin da kowa ke sunkuye a gona, shi yana kwance a inuwa yana gyara wa manoma kuyya da baki. Kaka ta zo ta wuce, kowa ya cika rumbu ya liƙe, shi kuwa ya kwana uku ba abin da ya shiga bakinsa sai hamma.

Ran na huɗu ƙanshin miya ya ja shi da hanci har gindin dutse. Ya tarar Ladingo ta jingina da dutse tana minshari. Ya lallaɓa, ya ɗaga faifai, ya kai loma ɗaya, ya kai ta biyu. Yana cikin ta uku sai ya ji an take masa wutsiya.

"Kai, ɓarawo! Ka san ƙwaryar wa ka tsoma wa hannu?"

Ɗan-Firit ko gezau. Ya haɗiye lomarsa, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo a hankali.

"'Yar nan, ɗauke ƙafarki daga wutsiyata. Yaushe aka fara kiran mai tuwo ɓarawon tuwonsa?"

Ladingo ta kece da dariya har tana dukan cinya. "Kai ne Mai-Tsawa? Kai da ba ka kai mini loma biyu ba?"

"Ke kin taɓa ɗora miya kuwa? In ta daɗe a wuta, ƙaruwa take yi ko ƙafewa? Ranar da na hau dutsen nan na fi rumbun gidanku girma. Shekara talatin ina dahuwa a rana. Ruwan jiki duk ya tafi, zallar ƙarfi ce kike takawa." Ya ɗan ƙanƙance ido. "Kuma tunda kin tsokano magana, ina kifina? Shekara bakwai ina leƙowa daga can sama ina kallonki. Ki dubi gabas, ki dubi yamma, ki ɗaga faifai, ki tsince."

Bai taɓa ganin komai ba fa. Miya ya gani ba kifi, ya kuma hango ƙaya maƙale a haƙorin Ladingo. Amma ita ina ta sani? Nan take ta zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, tuba nake! Ɗanɗanawa nake yi don kada a sa maka guba."

"Shekara bakwai kina ɗanɗanawa, ga ki nan kin yi ƙiba. Tashi. Je ki gaya wa gari gobe Sarki zai sauko. Maganar kifi kuma ta tsaya tsakanina da ke, muddin bakinki ya san abin da zai faɗa."

Ladingo ta zura da gudu. Ɗan-Firit ya share ƙwaryar tas, sannan ya shiga shiri. Ya samo wani busasshen duma ya zura hannun dama a ciki, ya naɗe shi da igiyar rama kamar yadda 'yan dambe ke naɗe hannu da kara, har dunƙulen ya fi kansa girma. Ya shafa toka a gashin baki da gira ya zama furfura. Ya tsinci yankakkun fata a bayan rumfar dukawa, ya cusa musu ɓawon gyaɗa, ya ɗinke, ya jera su a damtse, sun zama layu.

Da gari ya waye, Kwarin Kanya kaf ta hallara a fage. Burtu ya saɓa kalangu yana zuba kiɗa. Sai ga ɗan abu ya ɓullo daga bayan dutse, yana jan hannu ɗaya da ƙyar, yana taku ɗai-ɗai. Ɗan-Firit ya haye kan turmi, ya ɗaga duma sama.

"Ni ne Mai-Tsawa, na daki dutse ya ce in yi haƙuri! Ni na mari kogi ya koma inda ya fito! Wanda ya ga bayana ya ba da labari, wanda ya ga gabana sai dai a ba da nasa!"

Aka dubi juna. Wata tsohuwar akuya ta ce, "Burtu, kai ka san shi. Shi ne?"

Burtu dai ya fi son a yanka shi da a ce idonsa ya mutu. Ya matso, ya laluba, ya shafa duman nan daga sama har ƙasa. Ya ce, "Hannun dai nasa ne. Sauran jikin ne ya ɗan canja."

Ladingo ta yi farat ta ce, "Dahuwa ya yi! Ku ba ku san miya ba ne?"

Aka ɗau guɗa. Amma akwai wani bijimin ɓauna, Gungume, wanda shekara biyar ba a kai shi ƙasa ba a fagen nan. Ya ratso taro, ƙasa na motsi, ya tsaya a kan Ɗan-Firit har ya tare masa rana.

"Baba, ban raina ka ba. Amma tun ina maraƙi ake cika mini kunne da hannunka. Ga goshina. Sa mini ɗaya in ji."

Ɗan-Firit ya dubi goshin nan mai faɗin faifai, ya ji fitsari na neman hanya. Sai ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Yaro, kana da uwa?"

"Tana nan."

"To saboda ita zan yi maka na tafiyar ƙasa. Sunkuyo."

Gungume ya sunkuya. Ɗan-Firit ya ɗora masa duma a goshi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ya ɗauke.

"Shi ke nan?" in ji Gungume.

"Na sake shi, yana hanya. Dukan yara ne ke isa nan take. Nawa sai ya zaga ya gaida dangi. Jibi da rana tsaka zai same ka. In kana son kanka da arziki, ka nemi inda ba kowa, ka zauna, ka rufe ido. Wanda ya buɗe ido, ta idon yake shiga."

Gungume ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ranar bai iya cin abinci ba. Washegari ma haka, ko ganye ya kaɗa sai ya dafe kai. Ɗan-Firit kuwa ya aika aka ɗauko masa akushin Gungume na kwana biyun, ya ce abincin wanda duka ke bi ba ya kyau a bar shi ya kwana.

Kowa a garin ya san inda Gungume ke hutawa, gindin wata doguwar giginya a bakin rafi. Ran jibin, tun da sassafe Ɗan-Firit ya tuɓe duma ya ɓoye a ciyawa, ya dare giginyar, ya zaɓi ɗan da ya fi kowane nauyi, ya yi ta gurgurar mariƙinsa har saura ƙiris. Rana na take tsaka sai ga Gungume shi kaɗai, ya kori kowa don kada a ga faɗuwarsa. Ya zauna, ya runtse ido, yana karanto duk addu'ar da ya iya. Ɗan-Firit ya daidaita, ya sa haƙori sau ɗaya.

Tim!

Gungume ya miƙe ƙafa huɗu, ya tafi inda ba a mafarki. Ɗan-Firit ya sauko, ya gangara da ɗan giginyar cikin ciyawa, ya zauna ya shanye shi, ya binne ƙwallon. Ko da Gungume ya farfaɗo, ba kowa ba komai, sai ƙulu a goshi kamar an dasa masa ƙaho na uku. Da rarrafe ya iso gaban Ɗan-Firit.

"Baba, ya iso."

"Ya same ka lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ka karɓe ni in zama yaronka."

Da gari ya waye, ƙarti arba'in ne a tsugunne a ƙofar zauren da aka ba Sarki. Ga damisa, ga gwanki, ga gadu, ga Ladingo a sahun gaba, kowa na son a koya masa dukan tafiyar ƙasa. Ɗan-Firit ya fito yana sakace.

"Sharaɗina uku ne. Na ɗaya, cikakken ciki ba ya dambe, saboda haka rabin abincin kowa a kawo nan in adana masa. Na biyu, turmi da taɓarya na ragwaye ne, daga yau da dunƙule za ku riƙa daka mini gero. Na uku, ba a tambaya."

"Baba, a ina za ka adana mana abincin?" in ji gadu.

"Ka karya na uku. Kai naka duka za ka kawo."

Haka aka yi ta yi. Safe su daka gero da hannu, rana su fasa goruba da hannu, yamma su yi masa fifita wai suna koyon saurin kafaɗa. Ƙwaryar gindin dutse kuma yanzu har zaure ake kawo ta, da kifinta cif. Mako uku, Ɗan-Firit ya yi kumatu, wuya ya yi rawani, tumbi ya riga shi shiga ɗaki. Har wata rana Ladingo ta kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, sai na ga kamar miyar tana ƙaruwa."

"Ruwa na ƙara mata don ta ishe ku. Ku arba'in ne fa. Ko kina so mu koma maganar kifi?"

Ladingo ta koma dakan geronta.

To da a nan ya tsaya, da har yau yana can yana ci. Amma shi kurege, in ya ƙoshi, tunanin abin da bai ci ba yake yi. Wata rana da hantsi Burtu ya zo gaisuwa, hira ta yi daɗi, ya shiga tuna da.

"Allah sarki, Sarki, ka tuna bikin yaye? In ka sallami yaro ya gama koyo, uwarsa ta kawo akushi goma. Waina da zuma, dambu, alkaki, fura mai nono har da kitse a sama. Duk na maigida shi kaɗai, ba mai taɓawa."

Kunnen Ɗan-Firit ya miƙe. "Goma? Yaro ɗaya?"

"Goma. Shi ya sa da can ba ka wuce yara uku a shekara, saboda ka san kafin a buɗe akushi sai an..."

"Burtu! Ni za ka koya wa al'adar da ni na kafa ta? Ɗauki kalangunka ka zaga gari. Ka ce ran Laraba Sarki zai yaye yaransa."

"Guda nawa, ranka ya daɗe?"

"Duka arba'in."

Kalangu ya suɓuce daga hammatar Burtu. "Arba'in? Rana ɗaya? Har da Gungume?"

"Shi ne ma zai zo ƙarshe, don a rufe da babban akushi."

Labari ya zaga gari. Tsofaffi suka riƙe baki. Mata suka riƙa zuwa suna leƙensa suna share hawaye, wata ma ta ce, "Allah ya ba ka lafiyar ƙirji, Baba." Ɗan-Firit ya ɗauka duk ƙauna ce. Ya ma daina cin abinci tun ran Talata don ya yi wa waina wuri.

Da gari ya waye ran Laraba, fage ya cika ya batse. Akusa kuwa an jera su sahu-sahu tun daga gindin tsamiya har bakin rijiya, kowanne a rufe, ƙanshi na fita ta gefen faifai. Aka shimfiɗa wa Sarki buzu. Yana zama yana haɗiyar yawu, sai wani tsohon goggon biri ya dogaro sanda, riga duk faci, baki ba haƙori ko ɗaya, ya zo ya raɓa gefen buzun ya zauna.

"Tsoho, matsa can. Nan wurin Sarki ne."

"Na sani, ɗana. Godiya na zo yi maka." Ya yi maganar ƙasa-ƙasa yadda ba mai ji sai su biyu. Ya ɗora hannun dama a gwiwa. Ɗan-Firit ya dubi hannun. Gaɓoɓin sun yi kanta baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ga sawun igiya ya nutse a fata zagaye-zagaye. Wannan ba duma ba ne.

Ɗan-Firit ya ɗago ya dube shi. "Kai ne..."

"Ni ne. Kwantar da hankalinka, ba tona ka na zo yi ba. Sunan ka riƙe, na ba ka duniya da lahira. Kallo kawai na sauko yi, don tunda nake ban taɓa jin namijin da ya karɓi dukan sallama arba'in rana ɗaya ba."

"Dukan me?"

"Au, ba su gaya maka ba? Yaro in ya gama koyo, maigida yakan tsaya a tsakiyar fage ya buɗe ƙirji, yaron ya zuba masa naushi ɗaya iya ƙarfinsa. Da haka ake auna hannu, a san ko ya nuna. In ya rage ƙarfi ya raina maigida. Sai an gama kaf ake buɗe akushi." Tsohon ya wangale baki ya nuna dasashi. "Ni uku-uku nake karɓa a shekara. Ka ga abin da ya rage mini. Kana tsammani don shan iska na hau dutse?"

Ɗan-Firit ya dubi hanyar daji. A buɗe take, ba kowa. Ya dubi ƙartin nan arba'in da suka yi mako uku suna daka gero da dunƙule, hannuwa sun zama kamar guduma. Ya sake duban hanyar daji. Sai iska ta kaɗo ƙanshin waina da zuma ta shafa masa a hanci.

Ku da kuna wurin da kun gudu. Shi tsalle ya yi ya dira tsakiyar fage.

"Jama'a, ku saurara! Da can ƙirji nake ba yara, don lokacin da sauran ruwa a jikina. Yanzu wanda ya daki ƙirjin nan, hannunsa sai dai a tattara a ƙwarya. Ni kuwa ba zan mayar wa uwa da ɗa mai dungu ba. Saboda haka inuwata za ku daka. Abin da ya same ta ya same ni, daga nan zan auna."

Aka yi ta kabbara ana yaba tausayin Sarki. Tsohon biri ya gyaɗa kai, ya ce, "Kai, wannan ko ni ban taɓa tunaninta ba."

Lokacin rana ba ta daɗe da fitowa ba, inuwar Ɗan-Firit ta miƙe zararar har ta fi ta raƙumi. Damisa ta fara fitowa, ta je can nesa inda kan inuwar yake, ta zabga wa ƙasa naushi, ƙura ta tashi. Ɗan-Firit ya ɗan yamutsa fuska, ya taɓa haƙarƙari.

"Ba laifi. Da sauran gishiri, amma ya nuna. Na sallame ki."

Abin ya yi masa daɗi. Kowane yaro ya daka, sai ya tsaya ya yi masa huɗuba, ya ba da labarin yadda ya taɓa kayar da guguwa, ya sa Burtu ya yi masa kiɗa ya taka. Gadu ma sau uku ya sa shi ya sake, wai hannunsa na wari. Yana ta zuba, bai lura ba masu dukan kullum ƙara matsowa suke yi. Na ashirin ya daki ƙasa taku biyar daga gare shi. Na talatin, taku biyu. Da Ladingo ta zo, ita ce ta talatin da tara, sai da tsakuwa ta fallatsa masa a ido.

Ya dubi ƙasa. Ya dubi sama. Rana ta tsaya cak a tsakar ka.

Burtu ya canja kiɗa. Gungume ya shigo fage, ya naɗe hannu da kara tun daga yatsu har gwiwar hannu, idonsa ya yi jawur don ladabi. Ya zaga Ɗan-Firit ta dama, ya zaga ta hagu, ya sunkuya ya leƙa.

"Baba, ban ga inuwar ba."

"E, ta... ta je shan ruwa. A dakata zuwa la'asar."

"Ba a kai sallama azahar, ranka ya daɗe," in ji Burtu. "Kai ka kafa."

"To na yafe masa! Gungume, na sallame ka, hannunka ya nuna tun a ciki!"

Gungume ya durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, me na yi maka? Kowa ka auna shi sai ni? In koma gida in ce wa uwata me? Wallahi ba zan rage ko ƙwayar ƙarfi ba, duk abin da ka koya mini zan mayar maka."

Sai aka ji muryar tsohon biri daga gefen buzu, a sanyaye, kamar mai nuna wa baƙo hanya.

"Samari, ba ɓata ta yi ba. Inuwa in rana ta take, gida take komawa. Tana cikin mai ita. Nan za ka same ta."

"Allah ya saka, tsoho," in ji Gungume.

"Tsaya! Wannan tsohon ai shi ne..."

Bai ƙarasa ba. Abin da ya cece shi ɗaya ne, ya kai duman nan gaba ya tare. Ji kake fau! Duma ya tashi kamar an fasa ƙwai, toka ta yi sama ta bar gashin baki ja, layu suka yage ɓawon gyaɗa ya watsu a fage. Ɗan-Firit kuwa ya bi iska. Ya wuce saman akusan nan duka, yana ganinsu sahu-sahu suna wucewa a ƙarƙashinsa, ya tsallake tsamiya, ya faɗa cikin ƙayar sarƙaƙiya a bayan rijiya.

Wata 'yar tunkiya ta tsinci guntun duma ta juya shi. Tsohuwar akuyar nan ta ɗauki ɓawon gyaɗa ta shinshina, ta ce, "Wannan ai Ɗan-Firit ne, na bayan rumfar dukawa! Ni na ce tafiyar ta yi mini kama!"

"Ni ma tun farko ban yarda da shi ba!" in ji Ladingo, ta riga kowa zabura.

Ƙarti talatin da tara suka rufa masa baya, ga mata da muciya, ga Burtu yana bin mutane da kalangu yana tambayar wa ake kora. Gungume ne kaɗai ya tsaya yana duban hannunsa, yana cewa, "To amma wanda ya same ni a gindin giginya fa?"

Fage ya watse, ya rage daga akusa sai tsohon biri. Ya bi su yana ɗaga faifai ɗaya bayan ɗaya har ya sami fura mai laushi wadda ba ta neman haƙori. Ya sha ya ƙoshi, ya yi hamdala, ya dogara sandarsa ya koma dutse. Ba wanda ya ko tambaye shi sunansa.

Ɗan-Firit kuwa ya fice daga sarƙaƙiya da ƙaya a ko'ina, ido ɗaya a kumbure, yana gudu yana ɗingishi. Ladingo ta kai masa cafka a bakin wani rami, ta samu gashin wutsiya cike da baki, shi ya shige. Ya yi ta rarrafe ta ƙarƙashin ƙasa har ya ɓulla can bayan rafi, inda ba a jin ihu sai sama-sama. Ya zauna a kan tushiya, ya tofar da ƙasa, ya lissafa haƙarƙarinsa ya ga biyu ba sa amsawa. Ciki kuwa wayam tun Talata.

Wata kurciya a kan reshe ta leƙo ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ka dai ji jiki. Gobe ka ƙara?"

Ɗan-Firit ya ɗago ido ɗayan da ya rage, ya buga ƙirji, ya yi tari, ya sake bugawa a hankali.

"Ke, san da wa kike magana! Ni ne wanda ƙarti talatin da tara suka nema suka daki ƙasa! Na arba'in ma sai da rana ta taya shi! Dabarata ba ta da aibu ko ɗaya. Kuskure dai na yi a jeri." Ya cire ƙaya daga gindi, ya dube ta, ya yar. "Da ɓaunan zan fara."

Ya miƙe yana ɗingishi, ya kama hanyar gari na gaba, yana tambayar kurciya ko can ma suna son dambe.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan guntuwar wutsiyar kurege. Ku tashi ku wanke hannu, tuwo ya huce.